Dokar Su Ba Ta Aiki Sai Da Hannun Masunta

Kusan duk ƙasar da ke da gaɓar teku tana da dokokin kamun kifi a rubuce, kuma yawancinsu kama suke da juna. An ƙayyade girman idon raga, an hana su da nakiya da guba, an ware watannin da za a bar kifi ya zuba ƙwai, an shata iyakar da manyan jirage ba za su ƙetare su matso gaɓa ba. Amma wanda ya tsaya a bakin ruwa da asuba, lokacin da kwale-kwale ke dawowa, a ƙasashe da dama abin da zai tarar a kwanduna 'ya'yan kifi ne da ba su wuce tsawon yatsa ba, ragar da ta kamo su kuma ga ta nan a shanye a fili kowa na gani. Jami'ai kan ce masunta ne ba sa jin magana, sai a ƙara yawan tarukan wayar da kai, a kuma ƙara kuɗin tara. Ban yarda a nan matsalar take ba. Masunci ya riga kowa sanin kifi na ƙarewa, domin shi ne kowace shekara yake ƙara nutsawa cikin teku, ya ƙona mai fiye da na bara, ya dawo da abin da bai kai na bara ba.

A fara da abin da ba a son faɗa: babu gwamnatin da za ta iya tsare ƙananan masunta da ƙarfin tsiya. Binciken da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2023 tare da Jami'ar Duke da cibiyar WorldFish ya nuna cewa ƙananan masunta, na teku da na koguna da tafkuna, su ke kamo aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kifin duniya, wajen tan miliyan 37 a shekara, kuma su ne kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a wannan sana'a. Miliyoyin mutane ke nan, a warwatse a dubban wuraren sauke kifi, yawancinsu da dare suke fita. Jirgin sintiri ɗaya mai jiran a ba shi kuɗin mai ba zai iya da su ba. Masunci kuwa ya iya lissafi. Idan sau ɗaya cikin fita ɗari ake kama shi, sai tarar ta ninka ribar haramtacciyar raga sau ɗari kafin ta tsorata shi. Tara mai nauyin haka babu alƙalin da zai ɗora wa talaka, babu kuma ɗan siyasar da zai bari a karɓa ana gab da zaɓe. Daga nan sai a koma sasantawa a bakin ruwa, doka ta zama hanyar samun na goro.

Saboda haka duk inda aka ga doka na aiki a cikin ƙananan masunta, su ne suke riƙe da ita. Kuma kafin masunci ya riƙe doka yana duba abu uku, ko bai furta ba: da wa aka yi ta, wa zai ci amfanin haƙurin da zai yi, sannan ta hau kan wanda ya fi shi ƙarfi ko shi kaɗai ta gani.

A garin Alanya da ke gaɓar kudancin Turkiyya, masunta wajen ɗari sun yi ta rikici a farkon shekarun 1970 a kan wuraren da kifi ya fi taruwa. Sun ɗauki shekaru fiye da goma suna gwaji kafin su tsaya a kan tsari guda. Kowane watan Satumba ana rubuta sunan duk wanda ya cancanci yin su, a rubuta sunan kowane wurin kafa raga, an kuma bar tazara tsakanin wuraren yadda ragar wani ba za ta tare kifin wani ba. Sai a jefa ƙuri'a, kowa ya san inda zai fara. Daga Satumba zuwa Janairu kowace rana mutum ya matsa wuri na gaba ta gabas, daga Janairu kuma a juyo yamma, domin haka kifin yake tafiya. Ana ajiye takardar a wurin magajin gari da jandarma. Abin lura a nan shi ne tsarin yana tsare kansa. Ranar da wuri mai kyau ya zagayo kan mutum, tun duhu yana can, in ya tarar da wani kuwa, sauran masunta suna bayansa, domin kowa na jiran ranarsa. Jami'in da ke babban birni ba zai iya tsara wannan ba, bai san sunayen wuraren ba balle hanyar kifin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin waɗannan misalai ne masaniyar nan Ba'amurkiya Elinor Ostrom ta tattara, aikin da ya kai ta ga samun kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009.

Abin da ake kira shigar da masunta a wurare da yawa bai kama ƙafar wannan ba. Ana gama rubuta doka, sai a kira shugabannin ƙungiyoyi zuwa otal, a karanta masu cikin harshen da yawancin masu shiga teku ba sa ji, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an tuntuɓe su. Sanarwa ce wannan. Shiga ta gaskiya ita ce a ce masunta suna da ta cewa a kan wa zai yi su a yankin, wane wuri za a rufe, yaushe, wa zai yi gadi, mene ne hukunci. Ghana ta ɗanɗana bambancin. A 2018 gwamnati ta sanar da rufe teku a watan Agusta, sanarwar ta zo a ƙurarren lokaci, masunta suka ƙi, aka ɗage. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da ya fi masu sauƙi, alhali masana sun nuna Agusta ne kifin sadin ya fi zuba ƙwai. A 2021 aka koma Yuli. Wasu na kallon wannan a matsayin ja da baya. A ganina rufewar da ba ta faɗo daidai kan wata ba amma aka bi ta, ta fi wadda ta dace da lissafin masana amma babu kwale-kwalen da ya tsaya, muddin ana matsawa a hankali zuwa lokacin da ya dace.

Dalilin tirjiyar kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yaran jirgi ba albashi ake biyan su ba, kaso suke samu. A cire kuɗin mai, a cire rabon jirgi da inji da raga, abin da ya rage a raba tsakaninsu. Watan da ba a fita ba, ko sisi ba ya shiga hannunsu. Mai jirgin kansa sau da yawa bashi ke wuyansa, na dillali ko na matar da ta ba shi kuɗin mai a kan sharaɗin ita zai sayar wa kifin. Idan aka sanar da rufewa saura mako biyu, an riga an ci bashi, an gyara raga, an yi wa yara alkawari. Sanarwar da za ta yi amfani sai ta zo da wata shida ko fiye, ranar ta zama tsayayya kowace shekara, a kuma zauna da masu ba da bashi su yarda a ɗage biya na wannan watan. In ba a yi haka ba, ranar da aka buɗe kowa zai fita da fitilar jawo kifi da ƙaramar raga don ya mayar da asara, abin da aka tara cikin wata guda ya tafi cikin mako.

Batun idon raga ma haka yake. Dokokin Ghana na 2010 sun ce idon ragar zagaye kada ya gaza milimita 25, kifin sadin kuma kada a sauke wanda bai kai santimita 18 ba. Sai dai akwai wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira ancobi, wanda ko ya gama girma ta cikin milimita 25 yake zurarewa, kuma mutane da yawa da shi suke rayuwa. Mai neman sa dole ya yi amfani da ƙaramin ido, ƙaramin idon kuma shi ke kwashe 'ya'yan sadin. Dokar da ta yi shiru a kan wannan ta mayar da dubban mutane masu laifi tun ranar da aka sa mata hannu. Masunta sun san watanni da wuraren da ancobi ke zuwa shi kaɗai, da lokacin da yake cakuɗe da 'ya'yan wasu kifaye. Da su za a iya cewa ƙaramar raga a wata kaza, a wuri kaza, ba a wani ba.

Awon kansa yana jawo faɗa idan ba a daidaita shi a gaban kowa ba. Ana auna ido ne ragar tana jiƙe, a miƙe idon, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantar sa, a yi haka a kan idanu kamar ashirin a jere sannan a ɗauki matsakaici, domin zare na motsewa ko ya saki bayan ya sha ruwa da rana. A jakar raga ake aunawa, inda kifi ke taruwa, don a nan ake yin wayo: fukafukan raga masu faɗin ido, jaka kuwa an ninka ta biyu ko an ɗinka mata gidan sauro daga ciki. Ya kamata kowane wurin sauke kifi ya sami ma'auni iri ɗaya na ƙarfe ko roba, a hannun kwamiti, yadda mutum zai auna ragarsa tun kafin ya saya. Raga kuwa jari ce babba. Ba a ce wa mutum ya jefar da ita gobe. A ba da wa'adin da ya yi daidai da tsawon rayuwar raga, a tsayar da shigo da haramtacciyar tun daga tashar jiragen ruwa da shagunan dillalai, inda mutum goma ke sayarwa, maimakon bin mutum dubu goma a cikin teku. Ƙasar da ta karɓi harajin shigo da raga sannan ta ƙone ta a hannun masunci ba ta da bakin yi masa wa'azi.

Tambaya ta biyu, wa zai ci amfanin haƙuri, ita ce ta fi nauyi. Wanda ya saki ƙaramin kifi yana sane cewa na bayansa zai kama, bai ga dalilin saki ba, kuma gaskiyarsa. A kudu maso yammacin Madagaska, mutanen Vezo na ƙauyen Andavadoaka sun rufe wani yanki na duwatsun murjani a ƙarshen 2004, tare da taimakon ƙungiyar kare teku ta Blue Ventures, suka daina kamun oktofas, halittar nan mai hannuwa takwas. Zaɓin ya yi kyau, domin oktofas ba ya nisa da raminsa, rayuwarsa ba ta cika wuce shekara ɗaya da rabi ba, kuma nauyinsa na ƙaruwa da sauri ƙwarai. Ba a rufe ko'ina ba, wani sashe kawai, yawanci na wata biyu zuwa uku, sauran wurare a buɗe don a ci abinci. Nazarin da aka buga a 2015 a kan rufewa 36 cikin shekara takwas ya nuna abin da ake saukewa daga wuraren ya ƙaru da fiye da kashi 700 cikin ɗari a watan farko bayan buɗewa, abin da mutum ɗaya ke samu a rana kuma ya kusa ninkawa. Gani ya kori ji. Ƙauyuka maƙwabta suka ɗauka, har aka kafa haɗakar Velondriake a 2006, da dokar gari da suke kira dina, wadda kotu ta amince da ita.

Amma buɗewar farko ta koyar da darasi. Mutanen wasu ƙauyuka da ba su yi haƙurin komai ba suka yi ca a kan wurin, rabon masu gida ya ragu. Maganin da aka samo shi ne ƙauyuka da yawa su rufe tare su buɗe rana ɗaya, kowa ya tsaya a nasa. Ranar buɗewa sai ta dace da lokacin da ruwa ya fi janyewa, domin mata da ƙafa suke bin duwatsun, in ruwa ya yi zurfi maza masu nutso ne kaɗai za su amfana. Sannan a sanar da masu saye tun da wuri su zo da ƙanƙara isasshiya, in ba haka ba kaya ya yi yawa a rana ɗaya, farashi ya faɗi, sauran ya lalace.

Chile ta bi ta hanyar doka. Bayan an kusa ƙarar da wani dodon-koɗin teku mai tsada da suke kira loko, aka hana kamunsa daga 1989 zuwa 1992, hanin da ya haifar da sata da fasa-ƙwauri. Dokar 1991 ta ba ƙungiyoyin masunta damar neman wani yanki na ƙasan teku ya zama su kaɗai ke ɗiba a ciki. Ƙungiya za ta kawo masani ya ƙidaya abin da ke wurin, a rubuta tsarin ɗiba, gwamnati ta amince da adadin, a riƙa sake ƙidaya. Ɗaruruwan yankuna aka ba da haka. Inda abin ya yi rauni shi ne gadi. Yanki ya cika da loko, ɓarayi su zo da dare, kuɗin mai da na masu tsaro duk a kan ƙungiya, har wasu suka saki nasu saboda ba ya biyan kansa. Haƙƙin da hukuma ba ta zuwa kare shi idan an kira ta, nauyi ne kawai aka ɗora wa mai shi.

Ba kullum kishin teku ke sa a kafa doka ba, kuma babu laifi a hakan. A Kayar ta Senegal, bayan karya darajar sefa a 1994, masunta masu ƙugiya sun ga dillalai na karya masu farashi, sai suka kafa kwamiti suka ce kowane kwale-kwale akwati uku kawai zai sauke a rana. Farashi suke karewa, kifi ya sami sauƙi a gefe. Duk mai son a bi doka ya nemo irin wannan mahaɗa, inda aljihu da teku suke son abu ɗaya.

Sai batun manya. Najeriya ta hana manyan jiragen jan raga shiga mil biyar na teku daga gaɓa, wato kilomita tara da 'yan kai. Filifin ta ware kilomita 15 ga jiragen da ba su wuce tan uku ba, a dokarta ta 1998. Inda ake keta irin wannan iyaka da dare, jirgi ya share ƙasan teku ya yayyaga ragar talaka ba a biya shi ba, kada a yi mamaki in talakan ya ɗauko nakiya. A Ghana ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai wajen tan 100,000 na kifi ya bi ta cinikin saiko, inda manyan jirage suka riƙa kama kifin da na masu kwale-kwale ne, yawancinsa ƙanana, su daskarar su sayar a tsakiyar teku. Da wane baki za a ce wa mai kwale-kwale ya saki ɗan sadin? Wannan aikin gwamnati ne ita kaɗai: na'urar bin sawu a kowane babban jirgi, jerin masu lasisi a fili, karɓar hoton da masunci ya ɗauka da waya mai nuna wuri da lokaci a matsayin shaida, da sanar da hukuncin da aka yanke a bakin ruwan da aka yi ɓarnar.

Ba na cewa kwamitin gari tsarkakakke ne. Sau da yawa masu manyan jirage da masu bin bashi ke cinye shi, su hana kayan aikin talaka su bar nasu. Yaran jirgi ba su da kujera. Mata masu banda da masu saye, waɗanda in suka ce ba za su karɓi kifin nakiya ko ƙanana ba an gama magana, ba a kiran su. Baƙin masunta masu zuwa da lokaci ana ɗora masu laifin komai, ba a gaya masu dokar ba balle a ji ta bakinsu. Ya kamata kujeru su bi nau'in sana'a, masu taru, masu ƙugiya, masu nutso, masu tsinta a bakin ruwa, masu sarrafawa, baƙi, da wa'adin mulki. Wani nazari na 2011 a kan wurare 130 a ƙasashe 44 ya gano shugaba nagari da mutane suka yarda da shi ne abu mafi tasiri wajen nasara, wanda ke nufin tsarin da ya rataya a kan mutum ɗaya na iya rushewa ranar da ya sauka, sai an tarbiyyantar da na bayansa.

Hukunci ya hau mataki-mataki. Karon farko gargaɗi a gaban jama'a da ƙwace kamun ranar, na biyu tarar da ta kai kamun kwanaki, na uku ƙwace raga a lalata ta a fili a rubuta, domin ragar da aka ajiye a ofis takan koma kasuwa. Ƙwace inji ko jirgi a bar wa kotu. Da yake ɗan'uwa ba ya iya cin tarar ɗan'uwa, a haɗa masu sintiri daga ƙauyuka daban-daban, hukunci kuma taro ya yanke shi. Kuɗin tara da rasit, sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi kowane wata. Kuma kada a tura 'yan sa-kai su tunkari masu makami. Masu gadin teku na Filifin, Bantay Dagat, an kashe wasu daga cikinsu a kan wannan aiki. Nasu su gani, su rubuta, su kira, kama mutum na jami'an tsaro ne.

Duk wannan ya fi tasiri a kan abin da ke zaune wuri ɗaya, kamar oktofas, dodon-koɗi da kifin duwatsu. Sadin matafiyi ne. Wanda aka ƙyale a ruwan Senegal na iya ƙarewa a masana'antar garin kifi a Nuwadibu ta Muritaniya, kuma babu dokar ƙauyen da za ta hana. A nan shigar masunta dole ta hau sama, wakilansu su zauna inda ake yanke yawan lasisin manyan jirage da na masana'antu, da inda ƙasashe ke daidaita watan rufewa. Ƙasashe shida na tsakiyar mashigin Gini, wato Laberiya, Kodebuwa, Ghana, Togo, Benin da Najeriya, suna da kwamitin haɗin gwiwa mai hedikwata a Tema. Matuƙar ɗaya ta rufe maƙwabciyarta na buɗe, kwale-kwale zai tsallaka iyaka ya kama kifin nan dai, ya dawo da shi ta mota ya sayar a kasuwar da aka hana shi saukewa.